Sankarar hanji: Daga Gugaram zuwa Yamai, nisa da rashin kuɗi ne ke kashe mu

A kasuwannin Arlit da Akokan, ba wuya ka ji mai tallar maganin basir yana kiran jama'a. Mu kuwa da mun ga jini a bayan gida, sai mu ce basir ne ko atuni, mu sayi jiƙo mu koma rumfa. Likitoci na gargaɗin cewa wani lokaci wannan jinin alama ce ta sankarar babban hanji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane sama da miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan ciwo, fiye da 900,000 kuma suka mutu. Sai dai idan an gano shi da wuri yana jin magani. A Amurka, cikin mutum goma da aka gano nasu bai yaɗu ba, kimanin tara kan wuce shekara biyar a raye. Idan ya kai hanta ko huhu, ko biyu cikin goma ba sa kaiwa. Can ma mazauna unguwannin talakawa sun fi zuwa asibiti a makare.

To ina ga mutumin Gugaram? Ma'aikatan Somair, da ta fara fitar da uraniyom a 1971, da na Cominak, da ta fara a 1978, sun samu asibitocin kamfani. Makiyayi da mai awo a ƙauye sai dai ɗakin shan magani. Da aka rufe Cominak a watan Maris na 2021, ciniki ya ja baya, kuɗin magani ya ƙara wuya.

Ga kuma nisa. Daga Arlit zuwa Agadas kilomita kusan 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 1,200. A Yamai ne Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa take, inda aka fara gashin sankara da na'ura a 2021. Kuɗin mota, masauki, gwaji da abincin ɗan jinya, duk daga jari suke fita, ga rumfa a rufe. Shi ya sa da yawa ke jinkiri sai ciwo ya ci jiki.

Alamun da bai kamata mu raina ba su ne jini ko baƙin bayan gida, gudawa ko taurin ciki na makonni, rama ba dalili, yawan kasala da ƙarancin jini. Wanda ya haura shekara 45, ko aka taɓa yin ciwon a gidansu, ya fi kowa buƙatar kula.

Kunya ba ta magani. Mu je likita ya duba, ko basir ɗin ne a tabbatar. 'Yan adashi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su ware asusun jinya, domin wanda aka tura Yamai ya tafi a makon da aka tura shi.