Ko Kun Sani?

A Jamus ba kowace giya ake kira Kölsch ba. Tun yarjejeniyar 1986, masu dafa giya na birnin Kolon da kewayensa ne kaɗai ke da wannan suna. Alƙalan ɗanɗano sukan fara ɗaga kofin ga haske: dole ta fito garau, kalar zinare. Sai ƙamshi, ɗan na tuffa kaɗan, da ɗaci mara nauyi da ba ya zama a harshe. Da yake ba ta da kauri, aibi ba ya samun maɓoya, nan wuyarta take. Kofinta siriri ne, mililita 200 kacal, don kada ta ɗumame. Mai kawowa kuwa ba ya tambaya, sauyawa kawai yake yi, har sai an rufe bakin kofin da faifan kwali.