Sankarar Jini Ta Lafa: A Yi Walima, Amma Kada a Ajiye Magani

A ƙasar Adar, idan mai jinya ya tashi daga doguwar cuta, ana yanka akuya, a yi sadaka, 'yan uwa su zo barka da arziki. Wanda matarsa ko mijinta ya shekara uku ko biyar sankarar jini ba ta motsa ba ya fi kowa cancantar wannan murna. Sai dai lokacin murnar ne ake yawan yin kuskuren da ke mayar da hannun agogo baya.

Cutar daga ɓargo take farawa, inda jiki ke ƙera jini. Fararen ƙwayoyin jini marasa amfani su yi ta yaɗuwa har su danne masu kyau. Sai a ga mutum ya ɗashe, ga kasala, ga zazzaɓin da ba ya jin magani, ga haɓo ko zubar jini a dasashi, kaluluwa ta fito, wani lokaci saifa ta kumbura ta cika gefen hagu na ciki. Da yawa daga cikin waɗannan alamu masassarar cizon sauro da ciwon sikila sun riga sun saba mana da su, shi ya sa daga Buza zuwa Keita mutum kan yi watanni yana shan maganin masassara kafin a yi masa awon ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ma'aikatan likita ke kira NFS. Kafin nan kuwa wani ya ce sammu ne, wani ya kira wanzami. A nan sai a yi hattara: ƙaho ko tsaga a jikin wanda jininsa ba ya daskarewa na iya zama ajalinsa.

Asibitin Madawa, babban asibitin Tawa da asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950 za su iya ganin alamar a awon jini, su kuma yi ƙarin jini. Tabbatar da irin cutar da tsara magani sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 500 daga Madawa, inda Asibitin Ƙasa da Cibiyar Yaƙi da Kansa suke. Kuɗin mota, masauki da ordinansi kan cinye albasar shekara guda, ko abin da ɗan bida ya aiko daga Abijan.

To, me lokotoro yake nufi idan ya ce cutar ta lafa? A nau'inta mai saurin kamu, yana nufin ƙidayar jini ta daidaita, miyagun ƙwayoyin da ke ɓargo sun koma ƙasa da kashi 5 cikin 100. Bai ce sun ƙare ba. Manomi ya san ƙuduji: ka tuge shi gona ta yi fes, amma irinsa na kwance cikin ƙasa yana jiran damina. Don haka ne a nau'in da ya fi kama yara ake ci gaba da magani shekara biyu zuwa uku, ko da yaron ya koma wasa tun watannin farko. Sai an kai wajen shekara biyar ba ta dawo ba likitoci ke fara ambaton warkewa.

Akwai kuma mai tafiyar hawainiya da ta fi kama manya, wadda ke kumbura saifa. A 1960 masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Nowell da Hungerford, suka gano tawayar da ke cikin ƙwayar halittar masu ita. A 2001 aka amince da ƙwayar imatinib, wadda aka fi sani da Glivec, mai toshe wannan tawaya. Kafin ita, yawancin masu cutar ba sa wuce 'yan shekaru. Yau mai shan ta kullum kan yi tsawon rai kusan kamar kowa. Gidauniyar Max da kamfanin Novartis sun daɗe suna raba ta kyauta a ƙasashe marasa ƙarfi, kuma a Najeriya asibitin koyarwa na Ile-Ife ne ya yi suna da wannan aiki. Ya kamata mai jinya ya tambayi likitansa hanyar shiga irin wannan tsari. Sharaɗin ƙwayar ɗaya ne: kullum, ba fashi. Ko a Turai, inda ake gwada dakatar da ita ga waɗanda awo mafi zurfi ya daɗe bai ga komai a jininsu ba, wajen rabinsu cutar kan dawo cikin watanni. Ina ga wanda ya daina don kawai ya ji ƙarfi a jikinsa, ko don kuɗin motar Yamai ya gagara?

Nauyin nan rabinsa a kan abokin zama yake. Shi ke adana karnen likita, shi ke tuna ranar komawa, shi ke neman masu ba da jini cikin dangi. Ni a ganina babu abin kunya kamar namiji ya tura matarsa gidan iyayenta da sunan jinya, ya zare hannu. Cutar ba a ɗaukarta ta kwano ɗaya ko shimfiɗa ɗaya, ba kuma laifin kowa ba ce. Akwai maganar da ma'aurata ke jin nauyin yi wa likita, alhali dole ce: haihuwa. Imatinib da magungunan shimiyo na iya cutar da ɗan tayi, saboda haka kada mace ta ɗauki ciki sai an tsara da likita, komai matsin lambar uwar miji. Haka batun azumi: a tambaya yadda za a mayar da shan ƙwayar lokacin buɗa baki ko sahur, maimakon a jingine ta wata guda.

Idan ranar walima ta zo, a dafa, a gayyaci liman, a gode wa Allah. Daga cikin gudummawar da aka tara a ware kuɗin awo na gaba. Zazzaɓi, haɓo ko ɗashewar da suka sake ɓullowa kuwa ba a jira da su ranar kasuwa. A ranar ake tafiya likita, da karne a hannu.