Zogalen tsakar gida: a tsinke kai, a samu ganye

Tun da kamfanin Kominak ya rufe a Akokan a watan Maris 2021, kuɗin cefane ya ragu a gidaje da yawa. Shi ya sa mu matan asusu muka riƙe zogale hannu bibbiyu.

Amma fa 'yan uwa, in aka bar shi ya yi ta tsawo, sai ya zama sanda: ganye kaɗan, iska ta karya. Da ya kai ƙugu, mu tsinke kansa ya yi rassa. Mu sa busasshen taki, mu ba shi ruwan wankin shinkafa da yamma, ban da mai sabulu. Mu killace shi saboda awaki.

Kwaɗo ga yara, saura a shanya a inuwa a kai kasuwa. Zubin mako ya samu ke nan.