Allon Hotuna, Harshen Wanda Ba Ya Iya Magana

A sani cewa rashin furuci ba rashin hankali ba ne. Akwai yaron da ya taso harshensa a ɗaure. Akwai kuma dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kama, yana gane mutane sarai, amma kalma ta ƙi fita. Irin wannan in ƙishirwa ta dame shi, ko ciwo, ko yana bin wani bashi, sai abin ya tsaya masa a zuci.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya tun tuni sun tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa da isharar bebe, muddin an fahimce ta. A Kano ma kurame suna da maganar hannu tasu ta gado. To, amma wanda hannunsa ya raunana, ko ya kasa koyon ishara, sai a nema masa wata dabara.

A shekarar 1949 wani mutum mai suna Charles Bliss ya wallafa littafin alamomi waɗanda kowace ke tsaye a madadin ma'ana guda. A 1971 aka fara koya wa yara masu lalurar motsin gaɓɓai waɗannan alamomi a Toronto ta ƙasar Kanada. Sa'an nan a 1985, a jihar Delaware ta Amurka, Andy Bondy da Lori Frost suka tsara hanyar musayar hoto, mai matakai 6.

Ga yadda farkonta ya ke. Mutum ɗaya ya riƙe abin da yaro ke marmari, misali dabino. Wani ya tsaya bayan yaron, ya kama hannunsa, ya taimake shi ya miƙa hoton dabinon. Da ya miƙa, nan take a ba shi, a kuma ambaci sunan abin. Sannu a hankali sai mai taimako ya janye, a ƙara hotuna, har yaron ya iya zaɓe, ya jera su su zama jimla. Binciken masana ya nuna wannan ba ya hana magana fitowa ga wanda za ta fito wa.

Abin ba ya bukatar dukiya. Kwali ya isa, a zana ruwa, da tuwo, da makewayi, da siffar jiki don nuna inda ke ciwo. Dattijon da bai manta karatu ba a rubuta masa haruffa da lambobi ya riƙa nunawa. Sharaɗi ɗaya ne, haƙuri: a jira shi ya nuna, kada a riga shi amsawa.