Jar Fitilar Baƙin Mai Ba Ta Jiran "Bari In Ƙarasa"

Watakila wata ta ce ina ruwan mace da katafila mai haƙar ƙasa. To, gidaje da yawa da ita suke ci. Wata maigidanta ne direba, wata kuwa kuɗin adashinta da awarwaronta suna cikin abin da aka haɗa aka sayo ta hannu. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Kwanakin baya yayana ya komo gida ransa a ɓace. Ya ce in injin katafilarsa ya yi zafi sai wata jar fitila mai hoton butar mai ta kama, in ya ƙara wuta ta mutu. Abokan aikinsa suka ce ya cire wayarta ya huta, ya ƙi. Abin da muka koya a wannan lamari shi na kawo muku yau.

Baƙin mai a inji kamar jini ne a jiki. Akwai famfo mai zuƙo shi daga kaskon da ke ƙarƙashin injin, ya tura shi ta cikin filta, ya shiga tsakanin ƙarafan da ke juyawa don kada su ci juna. Ita wannan fitila ba yawan man take aunawa ba, ƙarfin turawar take aunawa. Watau mai yana iya zama cike amma ba ya isa inda ake bukatarsa, kuma 'yan mintoci kaɗan a haka sun isa inji ya buga. Saboda haka da zarar ta kama, a sauke bokitin haƙa ƙasa, a kashe inji nan take.

Daga nan sai bincike, a fara da mai araha. A jira kamar minti 10 mai ya kwanta, a zaro sandar awo a goge, a mayar, a sake dubawa. Lalle katafilar ta kasance a shimfiɗaɗɗen wuri, don a gangare mai yakan koma gefe guda. In ya yi ƙasa, a ƙara, sa'an nan a nemi inda yake yoyo.

Na biyu, a dubi man kansa, a shinshina. In ya tsinke yana warin man gas, to, gas ne ke zuba a ciki. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga. A tambaya kuma ko irin wanda kamfani ya ce aka zuba, don yawancin waɗannan injuna 15W-40 suke sha a ƙasa mai zafi.

Na uku, ita kanta fitilar takan yi ƙarya in suwic ɗinta ya lalace ko wayarsa ta goge. Ba a raba wannan gardama da baki. Bakanike zai kwance suwic ɗin, ya ɗaura agogon awo a gurbinsa, ya auna da injin a zafafe, ya gwada da adadin da ke cikin littafin injin. In awo ya yi daidai, suwic kawai za a sake.

In kuwa da gaske ƙarfin ya ragu, sai a yanka tsohuwar filta a duba. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli alama ce ƙarafan ciki sun cinye, irin ciwon tsohon inji. In babu, a duba rariyar bakin famfo ko ta toshe, da shi famfon kansa.

Shi yayana, awo ya nuna fitilar gaskiya ta faɗa. Gas ne ya tsinka masa mai. Aka gyara inda yake zuba, aka sake mai da filta, aikin kwana 2 kaɗai ya rasa. Da ya bi shawarar abokai, da yanzu sabon inji muke nema.

Uwargida, in maigida zai sayi ta hannu, ki tuna masa ya murɗa makulli kafin ya tayar. Dole fitilar ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, ya tambayi dalili. Kada kuma ya biya sai ya ga injin ya yi aiki ya yi zafi, gama mai kauri cikin inji mai sanyi yakan rufa asiri.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku buɗe ɗan littafi, ku riƙa rubuta wa Baba lambar da agogon awoyin injin ya nuna duk ranar da aka sake mai. Injuna da yawa bayan awa 250 ake sake musu, waɗansu 500. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mun sake saduwa.