Zaman Mako Biyu A Kan Teku: Labarin Jirgin Aureol

Kafin jirgin sama ya yawaita, wanda ya yi nufin Ingila daga Ikko jirgin ruwa yake shiga. Mafi shahara a cikin jiragen nan shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda aka ƙera a Gilasgo ya fara aiki a 1951. Fari ne fat, bututun hayaƙinsa rawaya. Yakan tashi daga Apapa, ya tsaya a gaɓar Gana, da Firitawun ta Saliyo, da Las Palmas, kana ya isa Libaful bayan kamar mako biyu.

Zaman cikinsa kamar na ƙaramin gari ne, amma gari mai darajoji, gama masu babban tikiti da masu ƙarami ba wuri ɗaya suke kwana ko cin abinci ba. Da sassafe boyi ya kawo shayi. Da hantsi wasu su zaga bene suna shan iska, wasu su faɗa kududdufin wanka, wasu su kishingiɗa da littafi. Da tsakar rana a sanar da yawan mil ɗin da aka ci. Da dare Turawa su yi ado, a ci, a yi rawa. Wannan sha'aninsu ne.

Musulmin da ke ciki kuwa, abin da ya dame shi daban ne. Ruwa ba abin damuwa ba ne, domin malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa, kifinsa kuma halal ne, shi ya sa mai tsantseni yakan bar naman da bai san yankansa ba ya koma ga kifi da ƙwai. Ƙasaru ta halatta gare shi. Wahalar tana ga alƙibla. A Ikko gabas take maso arewa. Idan jirgi ya miƙe yamma sai ta koma bayan mutum, idan ya wuce Firitawun ya fuskanci arewa sai ta dawo hannun dama, kafin a kai Libaful ta karkata kudu. Saboda haka tilas a riƙa tambayar ma'aikata inda aka dosa. A mazhabar Malik, in jirgi ya juya ana cikin salla, mai salla ya juya zuwa alƙibla muddin da hali. Tekun Biske kuwa yakan yi hauka, jiri da amai su kama mutane, wanda ya kasa tsayuwa sai ya sallata a zaune.

A 1974 kamfanin ya sayar da Aureol ga wani attajiri mutumin Girka, aka sake masa suna Marianna VI, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. A 2001 aka farfasa shi a Indiya.