Karen gadi mai kaifin basira: Abinci kaɗai bai ishe shi ba

A yankin noman rani na Kadawa, wanda ya haɗa sassan ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano, ruwan Madatsar Tiga ya sa ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Wasu gonakin na 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati mazauna birni, waɗanda kan ajiye kare domin gadin injin ban-ruwa da buhunan taki da amfanin gona. Malamai sun halatta ajiye kare saboda gadin gona da kiwo da farauta.

Matsalar takan taso ne idan aka sayi kare mai tsada irin na aiki, aka ɗaure shi da sarƙa wuni guda, ba abin da yake yi sai jiran dare.

Asalin irin wannan kare

Karen Jamus, wanda aka fi sani da karen 'yan sanda, ya samo asali ne a shekarar 1899, lokacin da wani hafsan soja, Max von Stephanitz, ya fara zaɓen irinsa domin kiwon tumaki. Haka ma Malinuwa na ƙasar Beljiyam, makiyayi ne kafin sojoji da 'yan sanda su ɗauke shi aiki. A littafin da masanin halayya Stanley Coren ya wallafa a 1994, karen Jamus ne ya zo na uku wajen saurin koyon umarni.

Dabbar da aka zaɓi kakanninta don su yi tafiyar awanni suna lura da garke ba za ta natsu a kusurwar gida ba. Idan ba a ba ta aiki ba, za ta nema wa kanta: tonon rami, tauna bututun ruwa, yage buhuna, haushi ba dalili, ko kai wa awakin maƙwabta hari. Kare da ya daɗe a ɗaure yakan zama mai tsoro da saurin cizo, kuma yara ne suka fi shiga haɗari.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a sa hancinsa aiki. Sunsuna abu ne da ke gajiyar da kare fiye da yadda ake zato. Maimakon a zuba masa abinci a kwano, a warwatsa wani kaso a cikin ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa, ko a ɓoye shi a wurare uku ko huɗu, ya nema da kansa.

Na biyu, horo na minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana. A koya masa "zauna" da "tsaya" da "zo" da "bari", ana ba shi ɗan nama duk lokacin da ya yi daidai. Kare yana koyon umarni da Hausa kamar kowane harshe, muddin mai shi da mai gadin gona suna amfani da kalma iri ɗaya. Duka tsoro kawai yake koyarwa.

Na uku, a ba shi aikin da ya sani kullum, kamar zagaye iyakar gona tare da mai gadi safe da yamma, da igiya a wuyansa. A riƙa sauya hanya domin ya ci karo da sabon wari.

Na huɗu, a saba masa da mutanen gida da dabbobi tun yana ɗan kwikwiyo, musamman a watanni ukun farko na rayuwarsa.

Hattara da waɗannan

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano, don haka a yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar, a tanadi inuwa da ruwan sha. Albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, saboda haka kada a ba shi ragowar miya mai yawan albasa. A nisanta shi daga gonar da aka yi wa feshi da inda aka sa maganin ɓera, a kuma riƙa duba jikinsa saboda kaska.

Allurar rigakafin haukan kare wajibi ce tun yana wata uku, sannan a sabunta ta bisa shawarar likitan dabbobi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti.

Wanda ba zai iya ware awa guda a kullum ba, shi ko amintaccen mai gadinsa, karen gida da ya saba da yanayin yankin ya fi masa sauƙin riƙo.